Wa Ke Da Ikon Raɗa Suna A Intanet?

Daga Wakilinmu

Duk ɗalibin da ya tashi daga Faru ko Bakura ya je Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ya saba ganin adireshin intanet na makarantu da ma'aikatun gwamnati yana ƙarewa da .edu.ng ko .gov.ng. Wannan wutsiya ta .ng ita ce rabon Nijeriya, kamar yadda .ne take rabon Nijar.

An ba Nijeriya .ng a 1995. Bayan jayayya kan wanda ya cancanci riƙe ta, Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki, aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005 don kula da ita.

Amma ikon ƙirƙiro sabuwar wutsiya yana hannun ICANN, hukumar da aka kafa a Amurka a 1998. A 2012 ta buɗe ƙofa ga mai neman wutsiya tasa ta kansa, bisa kuɗin nema dala 185,000. Takardu 1,930 suka shigo, amma 17 kaɗai suka fito daga Afirka.

Masu goyon bayan faɗaɗawar suna cewa kyawawan sunaye sun ƙare a ƙarƙashin .com, gasa kuma za ta sauƙaƙa farashi. Masu suka kuwa suna ganin mawadata ne za su kwashe sunayen al'umma. Ƙasashen Burazil da Peru sun yi shekaru suna ja da kamfanin Amazon kan .amazon, sunan kogin da ya ratsa ƙasashensu, daga bisani kamfanin ya samu. Ita ma .africa, rigima tsakanin masu nema biyu ta tsayar da ita har 2017.

Ko da yake gwamnatin Amurka ta janye daga sa ido kan kundin sunayen a 2016, tsadar nema ba ta gushe ba. Saboda haka idan wani attajiri a wata nahiya ya nemi sunan wani harshe ko gari namu, da wuya a sami mai ja da shi, sai fa in gwamnatocinmu sun farga.

Kafin nan, abin da ke hannunmu shi ne .ng. Ya kamata ƙananan hukumomin Maradun da Bakura da Talata Mafara, da makarantu da 'yan kasuwa, su yi rajistar sunayensu tun kafin wani ya riga su.