Kashi na 14: Buhu 12 a Dawanau da makullin da ke cikin wayarka

Yau mun ajiye siyasa, lissafi za mu taɓa. Don Allah kar ku gudu.

Kwanaki ina Kasuwar Dawanau, nan ƙaramar hukumarmu ta Dawakin Tofa, na ga an sauke buhun gero 12. Sai na tambayi kaina: mutum nawa ne za su iya raba su daidai ba tare da an farke buhu ba? Mutum 1, 2, 3, 4, 6 ko 12. Hanya shida ke nan.

To ga abin mamaki. Ai 12 shi ne 3 sau 4. Buhu 3 hanya biyu yake rabuwa, buhu 4 hanya uku. Biyu sau uku? Shida. Ba ka ƙirga ba, amsa ta fito.

Amma gwada 2 sau 6. Buhu 2 hanya biyu, buhu 6 hanya huɗu, ka samu takwas. Ya karye! Dalili kuwa, 2 da 6 sun haɗa dangi, lamba 2 tana raba su duka. Su 3 da 4 babu mai raba su tare sai 1. Duk ƙidayar da ke ninkuwa haka muddin lambobin ba su haɗa dangi ba, masana lissafi suna kiranta ƙa'ida mai bin ninki.

Abin da ke ba ni haushi, a jami'a aka koya mana wannan kamar daga Turai ya faɗo, alhali malaman rabon gado sun daɗe da sharaɗin. Lambobi irin 3 da 4 tabayuni suke ce musu: mata ta samu rubu'i, uwa ta samu sulusi, sai a ninka 4 da 3, asalin mas'ala ya zama 12. Irin 4 da 6 kuwa tawafuƙi ne, ba a ninka su kai tsaye, 12 ake ɗauka, ba 24 ba. Almajirin da ya iya wannan ya riga ya yi rabin tafiya.

Yanzu wayarka. Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya yi nazarin wata ƙidayar: daga 1 zuwa wata lamba, nawa ne ba su haɗa dangi da ita ba? Ga 3 akwai biyu, ga 5 akwai huɗu, don haka ga 15 akwai takwas. Ƙirga ka gani: 1, 2, 4, 7, 8, 11, 13, 14.

A 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka gina tsarin RSA a kan wannan, ɗaya daga cikin makullan da ke kare saƙo da hada-hadar kuɗi a intanet. Ana ninka manyan lambobi biyu da ba sa rabuwa, a bayyana sakamakon. Wanda ya san biyun, nan take zai fitar da ƙidayar Euler, da ita ake haɗa mabuɗi. Ɓarawo kuwa sai ya fasa lambar tukuna, kwamfutarsa ta yi ta fama shekara da shekaru.

Aikin gida: buhu 60, hanya nawa? Ku fasa shi 4 sau 15, ban yarda a ƙirga da yatsa ba. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.