Kafin Ka Miƙa Makullin Motarka a Bakin Teku: Abin da Hanyar Hawai Ke Koyarwa

Tsibiran Hawai jiha ce ta Amurka tun 1959, amma tsakaninsu da gaɓar Kalifoniya akwai ruwa na kusan kilomita 3,900. Babu gada, babu hanyar ƙasa. Duk motar da ke yawo a titunan Honolulu a cikin jirgin ruwa ta zo. Soja ne aka yi wa canjin wurin aiki, malamar asibiti ce ta samu gurbi, ɗalibi ne ya kammala karatu zai koma babban yankin ƙasar, tambayarsu ɗaya ce: yaya za a yi da motar? Da yawa sukan ɗauka abin bai wuce biyan kuɗi da karɓar rasit ba. A nan ake yin asara, domin daga lokacin da mota ta shiga harabar tashar jiragen ruwa ta zama kaya, kuma dokar da ke hukunta kayan teku daban take da wadda mai mota ya saba da ita a kan titi.

Masu wannan dako ba su da yawa. Akwai Matson, wanda ya faro tun 1882 yana kai kaya tsakanin San Faransisko da Hilo, yanzu kuma yake lodi a Long Beach da Oakland da yankin Seattle. Akwai Pasha Hawaii, mai jirgin nan Jean Anne da aka ƙera musamman don ɗaukar motoci, ya fara aiki a 2005 daga San Diego. Dalilin ƙarancin shi ne wata doka ta 1920 da ake kira Dokar Jones, da sunan sanatan da ya kawo ta, Wesley Jones. Ta ce duk kayan da za a ɗauka daga wata tashar Amurka zuwa wata, tilas a ɗauke su a jirgin da aka ƙera a Amurka, mallakar Amurkawa, mai tutar ƙasar da ma'aikatanta. Saboda haka jirgin Japan na iya sauke sababbin motoci a Honolulu, amma ba shi da ikon ɗaukar taka ya ajiye maka a Los Angeles ko da rabin cikinsa fayau yake. Mutanen Hawai sun daɗe suna gardama a kan ko dokar nan kariya ce ko ƙarin tsadar rayuwa. Ga mai mota dai, ma'anarta ita ce babu wurin taya ciniki sosai.

Wannan ne ya sa ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani idan ya ga talla a intanet ana cewa za a kai masa mota Hawai a kan rabin kuɗin da kamfanin jirgin kansa ke karɓa. Masu irin wannan talla mafi yawansu dillalai ne, ba su da jirgi, ba su da tirela. Dillali na gari yana da amfani, musamman ga wanda ke zaune nesa da teku, kamar Texas ko Ohio, wanda sai an ɗauko motarsa a tirela zuwa tasha. Amma akwai masu faɗin ƙaramin farashi su karɓi kafin alƙalami, sai motar ta bar hannunka sannan kuɗi ya soma haihuwa: kuɗin ajiya, kuɗin mai, kuɗin girman mota. Araha ba ta ado. Dillalin dakon motoci a Amurka wajibi ne ya yi rajista da hukumar tarayya mai kula da manyan motocin dako, kuma kowa na iya duba lambar rajistarsa kyauta. Ka tambaye shi sunan jirgin, ranar tashi da lambar da aka yi wa motarka rajista da ita a kamfanin jirgin, sannan ka buga wa kamfanin waya da kanka ka tabbatar. Wanda ya ce sai dai ka tura masa kuɗi ta hanyar da ba a iya dawo da su, ka kama gabanka.

Sai takardu. Ana neman katin shaidarka, rajistar motar da ba ta ƙare ba, da takardar mallaka. Wurin da mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne motar bashi. A Amurka yawancin motoci banki ne ke biya mutum yana ragewa duk wata, kuma har sai ya gama, sunan bankin na nan a kan takarda. Fitar da irin wannan mota daga tsibiri yakan buƙaci wasiƙar amincewa daga bankin, wasiƙar kuwa ba a samun ta a yini guda. Haka nan idan sunan mutum biyu ne a takardar, miji da mata alal misali, kuma ɗaya ne ya je tasha, za a iya neman rubutaccen izinin ɗayan. Jirgi ba ya jiran kowa. Wanda ya rasa na wannan mako sai na gaba, ga shi kuma ya riga ya sallami gidan haya ya yanki tikitin jirgin sama.

Ranar miƙa mota, ma'aikacin tasha zai fara leƙa allon mai. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada fetur ya wuce rubu'in tanki, kuma kada ya yi ƙasa har motar ta kasa hawa da sauka. Daga nan ya buɗe but. Safaya taya, jak, kujerar jariri, waɗannan sukan wuce. Akwatin tufafi, tukwane, talabijin, buhun shinkafa, duk za a ce ka fitar a nan take. Mu da muka saba ganin mota ba ta tafiya mai nisa sai an cika ta har rufi, wannan yakan zo mana a baƙon abu, amma kamfanin bai ɗauki alhakin ko allura da ke cikin motar ba, kuma motar za ta yi kwanaki a buɗe, makulli a hannun mutanen da ba ka sani ba. Idan motar na ɗigar mai, ko birki ba ya ci, ko ba ta tashi sai an tura, za a iya mayar da ita.

Sannan tsabta. Wanda bai sani ba zai ɗauka tsirfa ce a ce sai an wanke ƙarƙashin mota da lungun tayoyi an share ƙasan kujeru. Tsibiri mai nisa wuri ne da ƙwaro guda ke iya zama annoba, don ba shi da abokin gaba a can. Hawai ta ɗanɗana: wani ɗan kwaɗo mai tsananin kuka daga Puerto Rico ya shigo a ƙarshen shekarun 1980 ya addabi mutanen tsibirin da ya fi girma a jihar da dare, a watan Disamba na 2013 kuma aka gano ƙwaron da ke cinye kan bishiyar kwakwa a tsibirin Oahu, inda Honolulu take. Ta ɗaya ɓangaren, ma'aikatar gona ta Amurka ba ta son ƙwarin Hawai su tsallaka Kalifoniya mai gonakin 'ya'yan itace. Don haka taɓo a jikin taya, ko ciyawa da iri da suka maƙale a ƙasan mota, sun isa a ce ka koma ka sake wanki.

Abin da ya fi komai muhimmanci a ranar nan bai wuce minti goma ba, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ma'aikaci zai zagaya motar riƙe da takarda ko na'ura mai zanen mota, yana sa alama duk inda ya ga ƙarzuwa, lotsawa ko tsagewar gilashi. Ya sunkuya ya dubi bamba, ya shafa ƙofa, ya rubuta adadin tafiyar da motar ta yi, sannan ya ce, "Sa hannu a nan." Wannan takarda ita ce shaidarka kaɗai a ƙarshen tafiya. Ka bi shi ƙafa da ƙafa. Idan ya sa alama inda babu komai, ka yi magana. Ka ɗauki hoton kowane gefe, da rufi, da cikin motar, da allon mai, a cikin hasken rana, a harabar tashar. Dalilin wankin ma ya ƙaru a nan: ƙura na ɓoye ƙarzuwa, kuma idan aka rubuta cewa motar ta yi dattin da ba a iya duba ta, ka rasa bakin magana tun kafin jirgi ya ɗaga.

A cikin jirgin da ake kira roro, wanda ake tuƙa mota a shiga a tuƙo ta a fito, benaye ne a jere masu gajeren rufi. Ana jera motoci ƙugu da ƙugu, a naɗe madubin gefe, a ɗaure kowace da maɗauri zuwa ƙasan bene don kada ta motsa idan teku ta yi fushi. Direbobin tasha na shigar da ɗaruruwa cikin 'yan sa'o'i. Mafi yawan motoci na isa lafiya, gaskiya ce. Wanda ke da mota mai tsada ko ta tarihi yana iya biyan ƙari a sa ta a kwantena. Jirgin kansa kwana huɗu zuwa biyar yake yi a ruwa, amma daga miƙawa zuwa karɓa a lissafa mako biyu ko fiye, kuma a tanadi abin hawa na tsakani.

To, idan ta lalace fa, wa zai biya? A nan ne yawancin mutane ke shan mamaki. Dokar ɗaukar kaya a teku ta Amurka ta 1936 ta iyakance abin da mai jirgi zai biya zuwa dala 500 a kan kowane ƙunshi ko ma'aunin da aka caji kaya da shi, sai fa idan mai kaya ya bayyana darajar kayansa tun farko ya biya ƙari. An yi dokar ne don cinikin ƙasashen waje, amma kamfanoni kan shigar da sharuɗɗanta cikin takardar lodi har a tafiyar cikin gida, wasu su ɗan ɗaga iyakar. Ko ta yaya, adadin da ke cikin ƙananan rubutun nan sau da yawa bai kai kuɗin motar ba. A ƙarƙashin dokar, ɓarnar da ake gani da ido a nan take ake rubuta ta kafin a fita da mota, wadda ba ta fito fili ba cikin kwana uku, ƙara a kotu kuma cikin shekara guda. Ka tambayi kamfanin inshorarka a rubuce ko kariyarsu ta haɗa da tafiyar teku. Idan ba ta haɗa ba, inshorar kayan teku ake saya daban. Akwai ma wata tsohuwar ƙa'ida ta masu jiragen ruwa: idan aka yi hasara ko aka kashe kuɗi don ceton jirgi daga halaka, ana raba nauyin a kan duk masu kaya gwargwadon darajar kayansu. Wato motarka na iya fita ba ko ƙwarzane, amma a riƙe ta sai ka ba da jingina. Inshora mai kyau ita ke ɗauke wannan.

Halakar da aka fi tsoro kuwa wuta ce. A watan Yuni na 2020 jirgin Höegh Xiamen ya kama da wuta a tashar Jacksonville ɗauke da tsofaffin motoci 2,420, ya yi fiye da mako yana ci, kuma masu bincike suka danganta abin da batirin wata mota da ba a cire wayarsa yadda ya kamata ba. A Fabrairun 2022 Felicity Ace ya ƙone kusa da tsibiran Azores da motoci kusan 4,000, ya nutse ranar 1 ga Maris. A Yulin 2023 Grande Costa d'Avorio ya kama a tashar Newark yana lodin tsofaffin motocin da za a kawo Afirka ta Yamma, 'yan kwana-kwana biyu suka rasu a ciki. Dilolinmu masu odar tokumbo ta Kwatano da Legas su lura: irin jirgin ne, irin takardar lodin ce, iyakar diyyar ma haka take. A watan Yuni na 2025 kuma Morning Midas, mai ɗauke da motoci kimanin 3,000, ciki har da masu lantarki, ya kama wuta kudu da tsibirin Adak na Alaska ya nutse bayan makonni uku. A watan da ya biyo baya Matson ya sanar da dakatar da ɗaukar motocin lantarki da masu haɗa fetur da caji, saboda wutar batirin litiyam tana da wuyar kashewa a tsakiyar teku. Mai irin wannan mota kada ya yanke shawarar ƙaura da ita sai ya ji daga bakin kamfani cewa za su karɓa.

Isa Honolulu ma ba ƙarshen tafiya ba ne ga wanda gidansa ke Maui ko Kauai ko babban tsibirin. An taɓa yin jirgin fito mai ɗaukar mutane da motocinsu tsakanin tsibiran, Hawaii Superferry, daga 2007, amma ya rufe a watan Maris na 2009 bayan hukuncin kotun ƙolin jihar kan binciken illarsa ga muhalli. Yanzu sau da yawa sai a sake loda motar a kan faffaɗan kwale-kwalen ƙarfe da ƙaramin jirgi ke ja, irin na kamfanin Young Brothers, da ƙarin kuɗi da ƙarin kwanaki. Bayan an karɓa, mutum na da kwana 30 ya kai ta gwajin lafiyar mota ya yi rajista a ƙaramar hukumar tsibirin, ko ya nemi izinin ci gaba da amfani da tsohuwar lambarsa na ɗan lokaci. Za a nemi takardar lodin nan, don ita ke nuna ranar isowa. Kada a jefar da ita. Kada kuma a bar motar ta daɗe a tasha, kwanakin kyauta kaɗan ne, bayansu kuɗin ajiya kullum yake hawa.

A ganina, tambayar da ta kamata a fara yi ita ce wadda ake bari sai ƙarshe: shin motar ta cancanci tafiyar? Soja ba shi da damuwa sosai, gwamnati kan biya masa dakon mota guda. Kowa kuwa daga aljihunsa ne. Tsawon Oahu kimanin kilomita 70 ne kawai, akwai bas ko'ina, ga jirgin ƙasa na Skyline da aka buɗe a 2023. Fetur a Hawai na cikin mafi tsada a Amurka, harajin rajista da nauyin mota ake aunawa, iskar gishiri kuma ba ta raga wa ƙarfe. Motar da ke da ƙwari, wadda ka san tarihinta, za ka kuma daɗe a tsibirin, ta cancanci a kai ta, tunda sayen wata a can ma ba araha ba ne. Tsohuwar da kuɗin dakonta zuwa da dawowa zai kusa kai rabin darajarta, ko ƙatuwar da ke shan mai kamar rariya, gara a sayar da ita a Kalifoniya, a sayi ta hannu daga wani da ke shirin barin tsibirin, shi ma yana gudun biyan dakon.