Tseren motocin gida na Birtaniya: abin da ya kamata ka sani kafin a buɗe sabuwar kaka

Da zarar watan Afrilu ya kama, filayen tseren mota na Birtaniya sukan cika da ƙarar injina, domin lokacin ne ake buɗe gasar da ake kira BTCC a taƙaice. Idan Formula 1 kaɗai ka sani, wannan za ta ba ka mamaki, don motocin cikinta irin waɗanda kake gani kullum ne a kan titi.

Wace irin gasa ce?

Tsere ne na motocin gida, masu rufi da ƙofofi, irin su Toyota Corolla, Ford Focus, Hyundai i30 da BMW. An fara ta a 1958, kuma tun shekarar farko aka yi kankankan. Jack Sears da Tommy Sopwith suka gama da maki daidai, sai aka ba su motoci biyu iri ɗaya a filin Brands Hatch, ana ruwan sama, suka kara, suka yi musayar motocin suka sake karawa. Da aka haɗa lokaci, Sears ya yi nasara da tazarar da ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Yau kamfanin TOCA ne ke shirya gasar.

Ashe Corolla irin tawa ce ke wannan gudun?

A ido kawai. Ana ɗauko gangar jikin motar, a kwashe kujeru da duk kayan ƙawa, a walda kejin ƙarfe a ciki domin ya kare direba idan motar ta kife. Kujera ɗaya ake bari, mai bel da ke ɗaure kafaɗu da ƙugu. Injin kuwa mai lita 2 ne, da turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Yana ba da ƙarfin doki 350 ko fiye, kusan ninki biyu ko uku na motar gida.

A 2011 aka fara kawo dokar da ta ce manyan sassa kamar giya da birki su zama iri ɗaya a kowace mota, taya ma kamfani ɗaya ke kawowa, wato Goodyear. Saboda haka mai kuɗi ba ya iya sayen gudu yadda ya ga dama. Daga 2022 zuwa 2024 an haɗa wa injinan batir mai ƙara musu ƙarfi, amma a 2025 aka cire shi, aka koma amfani da man da ba daga rijiyar mai aka haƙo shi ba.

Yaya ake gudanar da kakar?

Ana haɗuwa sau 10 tsakanin Afrilu da Oktoba, kowace haɗuwa tsere uku ran Lahadi, jimilla 30. Ran Asabar ake tantance wanda zai tsaya a gaba a tseren farko. Sakamakon na farko shi ke tsara layin na biyu. Wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 20, na biyu 17, na uku 15, a yi ta raguwa har na 15. Tseren gajere ne, bai cika wuce rabin awa ba, ba a tsayawa shan mai, don haka babu lokacin jan ƙafa.

Filayen sun haɗa da Donington Park, Silverstone, Oulton Park, Snetterton da Croft. Thruxton ne aka fi sharara gudu a cikinsa. Knockhill kuwa, a Sukotland, ƙarami ne mai hawa da gangara, inda za ka ga mota ta taka gefen hanya ta ɗaga tayoyi biyu sama, direban bai ko sassauta ba.

Me ya sa mutum ɗaya ba ya cinye komai?

Nan ne daɗin gasar yake, kuma a ganina shi ne dalilin da ya sa ta cancanci kallo. Da gangan aka tsara ta don kada gwani ya tsere wa sauran.

Bayan tsere na biyu ana yin ƙuri'a, a ciro lamba tsakanin 6 da 12. A ce 9 ta fito. To wanda ya zo na tara shi zai tsaya a gaba a tsere na uku, na takwas ya bi shi, haka har wanda ya ci tseren ya koma na tara. Ka ga dole ya kutsa ta cikin motoci takwas, kowanne direbansu na kare matsayinsa. Ana gogar ƙofa da ƙofa, madubin gefe ya fizge, bamba ta rataya tana jan ƙasa. Kada ka ɗauka babu doka: wanda ya ture abokin takara da gangan, alƙalai sukan mayar da shi baya ko su ci shi tara.

Akwai wata dabara kuma. Har zuwa 2021 ana ɗora wa motocin da ke kan gaba ƙarin nauyi. Yanzu maɓalli ne a jikin sitiyari, direba ya danna injin ya ƙara ƙarfi na ɗan lokaci, kuma wanda ya fi maki shi ake rage wa damar dannawa. Wasu na ganin wannan zaluntar gwani ne. Ni dai na lura cewa duk da haka gwanayen ne ke ɗaukar kofi.

Su wa za ka sa wa ido?

Zuwa ƙarshen 2025, Ash Sutton ya ci gasar sau huɗu, daidai da Colin Turkington da Andy Rouse. Jake Hill ya ɗauka a 2024, Tom Ingram kuma a 2022 da 2025 cikin Hyundai. Jason Plato ya yi ritaya daga tuƙi da nasara a tsere 97. Akwai kuma Nicolas Hamilton, ƙanen Lewis Hamilton, wanda ya taso da larurar da ta raunana masa ƙafafu. Ya shiga gasar a 2015 da motar da aka gyara masa musamman. Sai dai direbobi kan sauya ƙungiya a lokacin hunturu, don haka ka duba jerin sunayen da za a fitar kafin tseren farko.

Wa ke biyan kuɗin?

Tsere na cin kuɗi sosai. A shekarun 1990 manyan kamfanoni irin su Volvo, Renault, Nissan da Audi sun zuba miliyoyin fam, har tsadar ta kore su, a shekarar 2000 kamfanoni uku kaɗai suka rage a gasar. Wannan ne ya sa aka koma ga dokokin rage kashe kuɗi. Yau yawancin ƙungiyoyin masu zaman kansu ne, kuma direbobi da dama su ke nemo masu ɗaukar nauyinsu. Sunayen da ka ga sun cika jikin mota, tallar waɗanda suka biya ne.

Ga mai kallo a Birtaniya, tashar ITV ke nuna tseren kai tsaye. Idan daga Najeriya ko Nijar kake bibiya ta intanet, ba sai ka yi lissafin lokaci ba, domin daga Afrilu zuwa tseren ƙarshe da aka saba yi a Brands Hatch cikin Oktoba, agogon Birtaniya da namu ɗaya ne.