Titin 'yan Sin da buhun riɗin Lafiya

Kafin riɗin da aka auna a kasuwar Doma ko ta Lafiya ya kai Japan ko Turkiyya, sai ya sha tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a bayan tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Duk ramin da motar ta faɗa da duk kwanan da ta yi a hanya, a jikin manomi suke fita, domin dillali ya riga ya sa su a lissafi tun kafin ya taya. Wannan ce larurar garuruwan da ke nesa da teku, kuma ita ce shirin ƙasar Sin mai suna Ziri Ɗaya da Hanya Ɗaya ya ce ya zo ya magance. Shugaba Xi Jinping ya ɓullo da shi a 2013, Nijeriya ta sa hannu a 2018.

Babban rabon Jihar Nasarawa shi ne tagwayen titin da ya taso daga Keffi, ya bi ta Akwanga da Lafiya har Makurɗi, fiye da kilomita 200. Kamfanin China Harbour ne ya yi aikin, da bashin kimanin dala miliyan 460 daga bankin Exim na Sin. Kamfanin nan dai shi ya gina tashar ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, kun ga ke nan hannu guda ne ya yi ƙofar teku da hanyar tudu. Direban da ya san gangaren Nasarawa Eggon a da, ba sai an gaya masa an samu sauƙi ba. Sai dai bashi hanji ne. Tun Fabrairun 2025 ake karɓar kuɗin wucewa a shingayen titin, har da na Lafiya, don a biya.

Ba yau aka fara buɗe Lafiya ga kasuwar waje ba. A shekarun 1920 layin dogon da Turawa suka faro daga Fatakwal ya ratsa Makurɗi da Lafiya ya nufi Kafanchan. Ya kwashi amfanin gona da ma'adinai ɗanyu zuwa bakin ruwa, ya dawo da kayan kanti, amma bai bar wa garin masana'anta ba. Abin da nake jiye wa sabon titin ke nan. Hanya ba ta zaɓen kaya: yadda take saurin fitar da riɗi, haka take saurin shigo da babura da wayoyi da yadi daga waje, kuma wanda ya sarrafa kaya shi ke cin gwaggwaɓar riba.

A ɓangaren ma'adinai an ɗan farga. Gwamnatin jihar ƙarƙashin Gwamna Abdullahi Sule ta matsa cewa a riƙa tace litiyam a cikin jiha kafin a fitar, kuma a Mayun 2024 aka buɗe matatar kamfanin Avatar na 'yan Sin a ƙaramar hukumar Nasarawa. Ba batir ake ƙerawa a can ba, niƙa dutsen ake yi a tace, amma ko banza wasu matasa sun samu abin yi.

Riɗi ne bai samu irin wannan gata ba, alhali ya fi dutsen yawan masu ci daga gare shi. An buɗe filin jirgin saman dakon kaya a Kwandare a 2022, amma har yanzu ta titi riɗin yake fita, akasarinsa ɗanye, a je can wata ƙasa a matse mansa.