RANA DA AIKIN GONA: Jawabi ga manoma da dagatai na Kanya, ƙasar Zuru

Ya ku manoma, kowa ya san amfanin ruwan sama, kowa na roƙonsa. Amma rana, don kullum tana nan, ba mai kula da aikinta sai in ta ƙona shi. To, ku sani, tun daga shuka har hatsi ya shiga rumbu, ba inda hannunta ba ya ciki.

Masana sun auna nisanta daga duniya, sun tarar ya kai mil miliyan 93, watau kilomita miliyan 150. Duk da wannan nisa, haskenta kan iso gonarku cikin minti 8 da 'yan kai.

1. ABINCIN SHUKA

A shekarar 1779 wani likita mutumin Holanda, sunansa Jan Ingenhousz, ya nuna cewa ɗanyen ganye ba ya gyara iska sai cikin haske. Daga nan aka bi diddigi har aka gane yadda abin ya ke. Saiwa ta jawo ruwa daga ƙasa, ganye ya shaƙi iska, hasken rana ya haɗa su su zama sukari. Wannan sukari shi ne zaƙin takanɗa, shi ne kuma garin da ke cikin ƙwayar dawa. Ashe ganye shi ne madafar shuka, rana ce wutarta.

Saboda haka in kun bar dawa biyar ko shida a rami guda, inuwa su ke yi wa juna, su yi tsawo ba ƙwari, zangarniya ta fito ƙarama. Ku rage su tun suna ƙanana. Ku yi noman fari da wuri, gama ciyawa ba taki kaɗai ta ke sata ba, har da haske. Ɗorawa da kaɗanya da kanya kuwa, kada ku sare su, dukiya ce. In inuwarsu ta yi yawa, ku rage rassan ƙasa. Gawo shi ba ruwansa, da damina ya ke zubad da ganye, haske ya ratsa.

2. AGOGON DAWA

Kun taɓa lura, wanda ya shuka dawa da ruwan fari, da wanda ya makara har mako uku, kusan tare dawarsu ke fid da kai? Ga dalili. A ƙasar Zuru yini ya fi tsawo a watan Yuni, ya kusa awa 13, sa'an nan ya riƙa raguwa har Disamba, ya koma awa 11 da rabi. Mutum ba ya ankara da wannan, amma dawar gargajiya tana ji. Ba ta ɗaukar ciki sai yini ya ragu zuwa gwargwadon da ta saba. Wani masanin dawa, D. L. Curtis, ya bincika irin dawar Nijeriya, ya bayyana a 1968 cewa kowane iri yana fid da kai ne wajen lokacin da damina ke ƙarewa a ƙasarsa ta asali.

Ga abin da za ku tsinta a nan. In kun sayo irin gargajiya daga arewa mai nisa, inda ruwa ke ɗaukewa da wuri, zai fid da kai a Kanya ana tsakiyar ruwa, ya yi fumfuna, tsuntsaye su taru a kansa don shi kaɗai ya nuna. In kuwa daga kudu mai nisa ya zo, sai ruwa ya ɗauke bai fid da kai ba. Irin da kakanninku suka zaɓa shekara da shekaru ya san ranar ƙasarku, kada ku yar da shi don ganin babbar zangarniya a kasuwa. Kowane baƙon iri, ku gwada shi a ɗan ɓangare tukuna, ku kuma nemi shawarar malamin gona.

3. SHANYA

Nan ne hasara ta fi yawa, nan ne kuma rana ke aiki kyauta. Hatsin da aka zuba a rumbu da sauran danshi ya kan yi fumfuna, wata fumfunar kuwa tana da dafi. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin tunkuzar gyaɗa mai wannan dafi, a nan aka fara gane shi. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya don cin masara irin wannan. Dafin hanta ya ke ci, yana tsumbure yara, dahuwa kuma ba ta kashe shi. Masara da gyaɗa ya fi kamawa.

To, ga yadda za ku yi:

(a) Kada ku shanya a ƙasa tsura. Ku shimfiɗa tabarma ko tamfol, ko ku share fa, ko ku ɗora bisa rumfa.

(b) Ku baza da faɗi, ku riƙa juyawa. Kafin raɓa ta sauka ku tattara ku rufe.

(c) Ku tsince ruɓaɓɓu da waɗanda suka sake launi, ku binne. Kada ku ba kaji ko awaki.

(d) Ku gwada bushewa. Gyaɗa sai ta yi ƙara cikin ɓawo in an girgiza. Masara da dawa kuwa, ku zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ku toshe ku girgiza. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya.

(e) Wake kuma, rana na kashe ƙwarinsa. Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ku ɗora baƙar leda, ku baza wake, ku rufe da farar leda mai nuna ciki, ku naɗe gefe. Awa 2 da tsakar rana mai ƙarfi ta isa. Ya huce, sai a zuba a mazubi mai tsabta a toshe.

4. GA DAGATAI

Rankuwa su daɗe, wannan magana a hannunku ta ke, gama ba kowa ke karatu ba. Ku sa a karanta ta a ƙofar gida da wurin gayya, a juya ta da harshen da mutanenku suka fi ji, mata ma su ji, don su ke yawancin shanya. Ku hana shanya a bakin titi. Ku gargaɗi masu gaggawar kai ɗanyen hatsi kasuwa, gama wanda ya saya ɗan'uwa ne. Da bazara kuwa, wajen ƙarshen Afrilu, rana kan tsaya daidai kan mutum a ƙasarku, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. A lokacin nan a yi sammako, a huta da tsakar rana, a sha ruwa da yawa, a kai shanun huɗa inuwa.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, da kaka mai rana, amin.