Waƙar Bayan Faifai: Nasarar "Soul Makossa" ta Manu Dibango da Gadon da Ta Bari

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa idan ana nazarin waƙar da ta yi fice, manazarci kan tsaya ne a kan mawaƙi da fasaharsa, ya manta da hanyar da waƙar ta bi kafin ta isa kunnen jama'a. A cikin wannan maƙala za mu ɗauki waƙa guda ɗaya tak, watau "Soul Makossa" ta Manu Dibango, mutumin ƙasar Kamaru, wadda ta fito a shekarar 1972, mu bi sawunta tun daga bayan wani ɗan faifai har zuwa zauren shari'a a birnin Faris. Abin da muke so mu nuna shi ne, hanyar da ta ɗaukaka wannan waƙa ita ce kuma ta nemi raba ta da mai ita. Wannan batu ne da ya shafi duk wani makaɗi na Afirka da kiɗansa ya ƙetare teku.

Ya kamata mu fara da fayyace kalmomi biyu. Fank wani salon kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, wanda James Brown ya yi wa jagora a tsakiyar shekarun 1960. A cikinsa ganga da babbar jita mai kaurin murya su ne ginshiƙi, ana kuma maimaita ɗan gajeren kari ba tare da an yawaita sauya shi ba. Disko kuwa ya samo sunansa ne daga kalmar Faransanci mai nufin gidan rawar da ake juya faifai a maimakon a kawo makaɗa. Ke nan tun asali sunan wuri ne, daga baya ya zama sunan kiɗan da ake so a wurin.

2.0 Mai Waƙar

An haifi Emmanuel Dibango a birnin Duwala ranar 12 ga watan Disamba 1933. A 1949 iyayensa suka tura shi karatu Faransa, ya tafi da kilo uku na gahawa domin a rage kuɗin masauki. Daga nan ne ya samo sunan littafin tarihin rayuwarsa, Trois kilos de café. A can ya koyi piyano, sa'an nan ya koyi busa saksofon, watau wata irin algaitar Turawa ta ƙarfe, wadda ta zama abin da aka san shi da shi.

A 1956 ya koma ƙasar Beljiyam yana kiɗa a gidajen rawa. A 1960 ya haɗu da Joseph Kabasele, shugaban ƙungiyar African Jazz ta Kwango, ya bi shi birnin da yanzu ake kira Kinshasa. Bayan ya koma Faransa a 1965 ya yi wa mawaƙan Turawa kiɗa, irin su Nino Ferrer. Saboda haka lokacin da ya zo yin "Soul Makossa" ya riga ya ƙware a kiɗan jaz, da rumbar Kwango, da kuma kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin waƙar gamin gambizar waɗannan abubuwa ce.

3.0 Asalin Waƙar da Tsarinta

A farkon 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin ƙasashen Afirka, karo na takwas. Dibango ya sami tallafin hukuma ya shirya wa gasar take, aka ɗauke shi a Faris a kan ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti ɗaya. Irin wannan faifai fuska biyu gare shi: ta farko ita ce hajar da ake talla, ta biyu kuwa cikon wuri ce. A wannan fuska ta biyu aka sa "Soul Makossa".

Gasar ba ta yi wa masu masauki daɗi ba. Kwango Barazabil ta fitar da Kamaru da ci 1 da nema a wasan kusa da na ƙarshe, sa'an nan ta doke Mali da ci 3 da 2 ta ɗauke kofi. Take ya bi ruwa tare da burin ƙasa, ba mai sha'awar jin abin da zai tuna masa da kaye. Da a ce makomar faifan a Kamaru kaɗai take, da labarinmu ya ƙare a nan.

Makossa sunan wani kiɗan rawa ne na mutanen Duwala, kalmar kanta tana da nasaba da rawa a harshensu. Amma wanda ya saurari waƙar Dibango zai ji cewa ba makossa ce tsantsa ba. Abubuwa huɗu aka gina ta da su. Akwai ganga mai tafiya ɗaya ba tangarɗa. Akwai babbar jita mai maimaita gajeren kari irin na fank. Akwai saksofon mai shigowa da ɗan take mai kaifi. Sai kuma muryar Dibango mai kauri, wadda ta fi kusa da magana bisa ga rerawa, yawanci da harshen Duwala.

A kan waɗannan aka ɗora amshi, wanda shi ne zuciyar waƙar. Abin da Dibango ya yi shi ne ya daddatsa kalmar makossa gaɓa-gaɓa, yana maimaita gaɓoɓin kamar mai i'ina, har suka koma kiɗa. Shi da kansa ya ba da labarin cewa mahaifinsa ya yi mamakin yadda ya kasa faɗin kalmar kamar kowa. Sai dai a nan sirrin yake. Tun da amshin ba ma'ana yake ɗauke da ita ba, sauti ne kawai, ba ya bukatar tafinta. Duk mai baki yana iya karɓarsa, ko ya taɓa jin sunan Duwala ko bai taɓa ji ba. Za mu ga cewa wannan sauƙin ɗauka shi ne arzikin waƙar, shi ne kuma ƙofar ɓarawonta.

4.0 Hanyar da Ta Bi Zuwa Nasara

A wancan zamani ƙa'idar kasuwar faifai a Amurka ita ce kamfani ya buga waƙa, ya kai wa gidajen rediyo, jama'a su ji su saya. "Soul Makossa" ta bi hanyar ne ta baya. Wani mai suna David Mancuso, wanda tun 1970 yake shirya daren rawa na gayyata a gidansa da ake kira The Loft a birnin Niyok, shi ya tsinci faifan a wani kanti a unguwar Buruklin. Ya juya shi, masu rawa suka karɓa, sauran masu juya faifai suka shiga nema. Daga nan Frankie Crocker na gidan rediyon WBLS ya dinga sa waƙar, sai ta zama abin yayi a birnin baki ɗaya.

Matsalar ita ce faifan na wani kamfani ne na Faransa mai suna Fiesta, kuma 'yan kaɗan ne suka shigo Amurka, nan da nan suka ƙare. Ga masu saye, babu haja. Dokar Amurka ta lokacin kuwa ta yarda kowa ya sake kaɗa waƙar da ta riga ta fito, in dai zai biya mai ita ladan da doka ta yanka, watau santi 2 a kan kowane faifai. Ƙungiyoyi fiye da 20 suka yi rige-rigen fitar da tasu "Soul Makossa". Daga cikin waɗanda suka kaɗa ta akwai ƙungiyar Afrique, da Babatunde Olatunji, makaɗin nan ɗan Nijeriya mazaunin Amurka. Kafin kamfanin Atlantic ya sayi izinin buga ta asali a 1973, an riga an raba kasuwar. Duk da haka ta kai matsayi na 35 a jerin waƙoƙi 100 mafiya kasuwa na mujallar Billboard, kuma ta Afrique ma ta shiga jerin a lokaci guda.

Matsayi na 35 ba wani abin a-zo-a-gani ba ne idan aka kwatanta da manyan waƙoƙin shekarar. Muhimmancinsa yana ga abin da ya koya wa kamfanoni, watau cewa gidan rawa yana iya haifar da kasuwa tun rediyo bai sani ba. A watan Satumba 1973 Vince Aletti ya rubuta wata maƙala a mujallar Rolling Stone game da waɗannan gidajen rawa, ya kawo wannan waƙa misali. A 1974 waƙoƙi irin su "Rock the Boat" da "Rock Your Baby" suka bi wannan turba har suka kai matsayi na ɗaya, a shekarar ce kuma Billboard ta buɗe jeri na musamman domin disko. Dalili ke nan da ya sa masana da dama ke lissafa "Soul Makossa" cikin faya-fayan farko na disko, ko da yake mai ita bai yi ta da wannan niyya ba.

Shi kansa Dibango ya ci moriyar abin. A 1973 ya yi wasa a zauren Apollo na unguwar Halem, ya kuma hau dandali tare da ƙungiyar Fania All-Stars a filin wasa na Yankee. A 1974 aka sa waƙar cikin masu takarar lambar yabo ta Grammy.

5.0 Gado da Rigimar Mallaka

Yayin disko bai daɗe ba. Ya kai ƙololuwa da fim ɗin Saturday Night Fever na 1977, sa'an nan a ranar 12 ga Yuli 1979 aka tarwatsa tarin faya-fayansa a wani filin wasa na birnin Shikago, kasuwarsa ta faɗi. Amma amshin Dibango bai faɗi tare da shi ba.

A nan dole mu bambanta hanyoyi uku da ake cin moriyar waƙar wani. Ta farko ita ce a sake kaɗa ta gaba ɗaya da sunanta, kamar yadda aka yi a 1973. A nan sunan mai ita yana kan faifai. Ta biyu ita ce a ari wani ɓangare nata, a rera shi cikin sabuwar waƙa. Ta uku ita ce a yanko sautin kansa daga tsohon faifai da na'ura, a dasa shi a sabo. A hanya ta biyu da ta uku ne suna kan ɓace.

A ƙarshen 1982 Michael Jackson ya fitar da kundinsa Thriller, wanda ya zama kundin da ya fi kowane kasuwa a duniya. Waƙar da ta buɗe shi, "Wanna Be Startin' Somethin'", ta ƙare ne da wani amshi wanda duk wanda ya san waƙar Dibango zai gane tushensa, ko da yake an ɗan sauya gaɓoɓin. Ba a nemi izini ba, ba a kuma ambaci sunansa ba. Dibango ya nemi haƙƙinsa, aka sasanta a wajen kotu a 1986.

Magana ta sake tashi a 2007, sa'ad da Rihanna ta fitar da "Don't Stop the Music", inda aka yanko wannan amshi daga faifan Jackson. An nemi izinin Jackson, ba a nemi na Dibango ba. Watau mai aro ya zama mai ba da aro. A watan Fabrairu 2009 Dibango ya kai ƙara a Faris, amma kotu ta ƙi karɓar ƙarar, bisa hujjar cewa tun a shekarar da ta gabata an daidaita a kan a riƙa sa sunansa a jikin kundin da ake bugawa a Faransa, shi kuma ya janye ƙararsa ta farko.

Abin lura a nan shi ne, miliyoyin mutane a duniya suna iya rera wannan amshi, amma akasarinsu suna ɗauka na Jackson ne. Ba za mu ce kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba ɗungurungum, domin Dibango ya sami suna, ya sami wani abu na diyya. Amma idan aka auna nisan da sautin ya yi da nisan da sunan mai shi ya yi, tazarar tana da yawa. Adalci kuma ya sa mu tuna cewa shi ma Dibango aro ya yi: ya ɗauki suna daga makaɗan Duwala, ya ɗauki salo daga fank na Amurka. Bambancin shi ne, sunan waƙar kansa ya bayyana wuraren biyu da ya yi aron.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda waƙar da aka yi domin cikon bayan faifai ta tsallake taken da aka kashe wa kuɗi, ta shiga Amurka ta hannun masu juya faifai, ta kuma taimaka wajen sauya yadda ake tallan kiɗa. Mun ga kuma cewa gajartar amshinta da rashin dogaronsa da harshe su suka sa ya yaɗu, su ne kuma suka sa ya yi sauƙin rabuwa da mai shi.

Dibango ya ci gaba da kiɗa har tsufansa. A 1994 ya sake kaɗa waƙar tare da Youssou N'Dour a cikin kundin Wakafrika, a 2004 hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya daga cikin masu fasaha. Ya rasu a Faransa ranar 24 ga Maris 2020 sanadiyyar cutar korona, yana da shekara 86.

Shawararmu ga manazarta ita ce, idan za mu rubuta tarihin wata waƙa, kada mu tsaya ga mataninta kaɗai. Mu rubuta wanda ya yi ta, da shekarar, da kamfanin da ya buga ta, da hannuwan da ta bi. Dibango ya iya tsayawa gaban Jackson ne domin akwai faifai na 1972 mai ɗauke da sunansa. Makaɗin da ba a rubuta masa komai ba, ranar da amshinsa ya ƙetare teku, ba shi da shaidar da zai kai gaban alƙali.