Ka Duba Maganin Tsohonka

Ya kai mai karatu, tun da Allah ya buɗe maka ido har ka iya haɗa baƙi da wasali, to, ga wani aiki ya hau kanka wanda watakila ba ka yi zatonsa ba. Ka shiga ɗakin mahaifinka, ko na baffanka, ko na tsohuwarka, ka ɗaga matashin kai, ko ka laluba aljihun rigar da ke rataye. Da wuya ka rasa wata 'yar leda cike da ƙwayoyi, fari da ja da rawaya. Waɗansu daga asibiti suka fito, waɗansu daga kemis, waɗansu kuwa a faifan mai talla aka saye su ran kasuwa a Burumburum, ko a tasha a Kwanar Ɗangora. Tsohon bai san sunan ko ɗaya ba, launi kaɗai ya riƙe. Kai kuwa kana iya karanta abin da ke rubuce a jikin kwali. Ka ga ashe ledar nan ta zama amana a hannunka.

Jikin tsoho da na saurayi

Maganin da mutum ya haɗiya ba ya zama cikin jiki har abada. In ya gama aikinsa sai hanta ta narkar da shi, ƙoda kuma ta tace shi daga cikin jini, ta fitar da shi cikin fitsari. To, tun daga wajen shekara 40 aikin ƙoda yakan fara raguwa kaɗan kaɗan, ba tare da mutum ya ji kome ba. Kafin ya kai 70 ko 80 ta yi rauni ƙwarai. Ka san yadda masu lambu a bakin ruwan Tiga ke ba da ruwa. In mafitar fangali ta toshe, ruwan da ya kamata ya rayar da albasa shi ne zai kwanta ya ruɓar da ita. Haka magani yake yi a jikin tsoho. Na jiya bai gama fita ba, an ƙara na yau a kai, har ya taru ya zama dafi. Shi ya sa ƙwaya biyun da kai za ka sha ka wuce gona lafiya lau, su ne za su iya kwantar da mahaifinka.

A ganina babu abin da ya kai maganin ciwon jiki yi wa tsofaffinmu ɓarna. Ƙasar Tudun Wada ƙasar shinkafa ce, wanda kuwa ya shekara 50 yana duƙe da fartanya, ba a tambayarsa ko bayansa na ciwo. Sai ya aika yaro a sayo masa na gajiya. Ga yadda ake rubuta sunayen manyansu a jikin kwali, ka riƙe su: Diclofenac, Ibuprofen, Piroxicam. Lalle suna kashe ciwo, ba a musu. Amma in aka lizimci shansu kullum, sukan ci bangon ciki har ya yi gyambo ya riƙa zubar da jini, sukan raunana ƙoda, sukan kuma ƙara hawan jini. In ka ga bayan gidan tsoho ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko ƙafafunsa sun kumbura fitsari kuma ya ragu, kada ka jira gari ya waye. Ku nufi asibiti.

Na taɓa raka wani baffana asibiti, ni ne tafinta. Ya yi fari fat, ko tsayuwar salla ba ya iyawa. Likita ya ce a zazzage ledarsa bisa tebur. Ga kwali uku, kowane da launinsa, kowane da babban sunansa dabam. Baffa ya ce wannan na baya ne, wannan na gwiwa, wannan kuma na gajiya. Da aka duba ƙananan baƙaƙen da ke ƙarƙashin babban suna, sai ga shi duka ukun Diclofenac ne. Watau magani ɗaya yake sha riɓi uku, wata da watanni. Sai da aka yi masa ƙarin jini ya farfaɗo. Ni da nake alfahari da karatu, kunya ta rufe ni, gama kullum ina ganin ledar nan ban taɓa buɗe ta ba. Babban suna na 'yan kasuwa ne, kowane kamfani yakan raɗa nasa. Ƙaramin shi ne sunan yanka na maganin, shi za ka karanta.

Farasitamol ya fi sauƙi ga cikin tsoho, amma shi ma yana da iyaka. Babban mutum mai ƙarfi ba ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a yini da kwana, tsoho ramamme kuwa ƙasa da haka, don in ya yi yawa hanta yake lalatawa.

Yadda ake gane gaskiyar magani

Watakila ka ce, ina likitoci suka san wannan duka? Ba duba suke yi ba, gwaji suke yi. Sukan tara mutane masu yawa, su raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin, ɗaya kashin kuma a ba su wata ƙwaya mai kama da shi sak, amma babu magani cikinta. Mai sha bai san wadda aka ba shi ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba, don kada son zuciya ya shiga. Sa'an nan a bi su shekara da shekaru ana ƙidaya: nawa suka warke, nawa suka cutu, nawa suka mutu. Mai talla yakan ce wane ya sha ya warke. Amma ba ya gaya maka labarin wanda ya sha bai warke ba, ko wanda ya warke bai sha ba.

Ga misali. An daɗe ana cewa in tsoho yana shan ƙaramar ƙwayar asfirin kowace rana, za ta tsare shi daga ciwon zuciya. Har likitoci da yawa sun yarda da haka. Sai waɗansu masana a can ƙasar Ostareliya da Amurka suka ce bari a gwada. Suka tara tsofaffi 19,114 masu lafiya, galibinsu 'yan shekara 70 zuwa sama, suka bi su kusan shekara 5. A 1,000 ɗin kowane kashi, an sami mutum 38 da suka yi mugun zubar jini cikin masu shan asfirin, cikin waɗanda ba su sha ba kuwa 28. Kwanakin lafiyarsu kuma ba su ƙaru ba. A shekarar 2018 aka bayyana wannan, likitocin duniya suka sake shawara. Amma ka lura, maganar masu lafiya ake yi. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, likita ya ɗora shi bisa asfirin, wannan kada ya bari sai da izinin likita.

Kada fa ka ɗauka cewa nake yi a raba tsoho da magani. Akwai wanda barinsa ne halaka, watau na hawan jini. Ciwon nan ɓarawo ne, ba ya sallama. Mutum na cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, rana ɗaya sai ya faɗi, baki ya karkace, hannu da ƙafa su mutu, mutane su ce iska ce ta buge shi. Alhali kuwa jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa. Da can likitoci na tsoron ba wanda ya wuce shekara 80 maganin hawan jini, suna cewa ya tsufa, a bar shi. Da aka gwada ga mutum 3,845 a ƙasashen Turai da Sin da waɗansu wurare, sai aka tarar mutuwa ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda suka sha. A 2008 aka buga wannan labari.

To, amma duk waɗannan gwaje-gwaje a ƙasashe masu nisa aka yi su, ga shi kuwa an lura ba kowane maganin hawan jini ke kama baƙar fata kamar yadda yake kama Bature ba. Saboda haka likitocin Afirka suka yi nasu, Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ne ya ja gaba. Mutum 728 aka gwada a ƙasashe shida, watau Nijeriya da Kamaru da Kenya da Uganda da Mozambik da Afirka ta Kudu, har wata 6. Da Kano a ciki, gama Farfesa Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka yi aikin. Aka haɗa magunguna uku bibbiyu, aka ga haɗin da ke da wanda ake rubutawa Amlodipine ya fi sauko da jini. A 2019 aka bayyana. Ba don ka je kemis ka sayo na gaya maka sunan ba. Don in ka gan shi a ledar tsoho ka san na hawan jini ne, ka san kuma ba irin wanda ake bari ba ne in an ji sauƙi. Jinin ya sauka ne don ana sha, in an bari zai koma. In tsohon na jin jiri sa'ad da ya miƙe tsaye, a koma wurin likita ya rage, gama faɗuwar tsoho ba ƙaramin abu ba ne, ƙashin ƙugu in ya karye da wuya ya sake tafiya daidai. A kuma rage masa gishiri da dunƙulen miya.

Na san in an ce gwajin magani, gaban mutumin Kano sai ya faɗi, yana kuwa da hujja. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan ga yara a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa cikin gwajin, wajen rabinsu aka ba sabon, sauran aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, biyar daga masu sabon, shida daga sauran. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, kamfani ya ce bai yi laifi ba. Aka yi ta shari'a, har a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano bisa dala miliyan 75. Ka'ida dai ita ce, ba a sa mutum cikin gwaji sai an bayyana masa kome da harshen da yake ji, ya yarda don kansa, yana kuma da ikon fita duk sa'ad da ya so. In an kawo wa tsohonka takarda ya dangwala hannu, kai ne za ka karanta masa tukuna.

Abin da za ka duba a kwali

Saura maganar jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu wajen magani ɗaya cikin goma jabu ne ko marar inganci. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba kowane magani lamba, ka nemi lambar a jikin kwali. Mai jabu ma yana iya buga lamba, gaskiya ne, amma wanda ba shi da ita sam, ba sai an yi dogon bincike ba. Ka nemi kuma baƙaƙen nan uku, EXP, bayansu akwai wata da shekara. In lokacin ya wuce, maganin ya tashi daga aiki. Ƙwayoyin da aka ɓare aka gauraya cikin leda babu kwali babu suna, waɗannan ko likita ba zai rantse da abin da ke cikinsu ba. Wanda ya yini cikin rana a faifan mai talla kuma, zafi ya riga ya rage masa ƙarfi.

Ran da za ka kai tsoho asibitin Tudun Wada, ko ɗakin magani na kusa da ku, ka tafi da ledar gaba ɗaya, har da jiƙo da garin mai magani na gargajiya. Kada ka ɓoye don tsoron faɗa, gama shi ma yana iya karo da na asibiti cikin jiki. Ka ce, “Likita, ga abin da Baba ke sha, wane za a bari, wane za a ci gaba da shi?” Ka roƙa a auna masa jini kowane zuwa, ka rubuta lambar cikin ɗan littafi tare da kwanan wata. In azumi ya gabato, ka tambaya yadda za a mai da sha'anin zuwa sahur da buɗa-baki. In kun komo gida, ka ɗauki alƙalami ka rubuta bisa kowane kwali da Hausa, “safe” ko “dare”, da yawan ƙwayar. Saboda waɗanda ba su yi karatu ba tukuna a gidan, ka zana rana a jikin na safe, ka zana wata a jikin na dare.